Kafar Ranau da Rijiyar Cindo

Tun ƙasar nan ba ta san ƙarar bindiga ba, lokacin da daji ke farawa daga bakin danga, giwa na cin dawar mutum a kan idonsa, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Gara in faɗa tun yanzu, kakan kakannina ne. Mu zuriyarsa aka ɗora wa ba da labarin nan ga duk baƙon da ya zo hawan dutse, ba a yarda mu rage ba, ba a kuma yarda mu sa gishiri ba. Wallahi da son samu ne, da wani na bar wa ya faɗa.

Ranau dogo ne siriri, ba ya iya zama wuri ɗaya. An ce yana jin ƙanshin ruwa daga tafiyar yini, yana kuma duban sawu ya gaya maka ko naman mace ne ko namiji, ko ya ƙoshi ko da yunwa ya wuce. Yana da kare baƙi mai suna Barsu, wanda ba ya rabuwa da shi. In ya shigo gari da nama, maroƙa sukan tare shi da kirari: "Ranau na gaban raɓa, kibiya ɗaya nama ɗaya! Wanda ya riga ka tashi bai kwanta ba."

Zamanin kuwa na mahara ne. Sukan zo bisa dawakai da kaka, su kwashe hatsi, su kora mutane gaba kamar awaki. Ƙauyukan wannan fili duk sun zama kufai, saura 'yan gidaje suna ɓuya cikin kurmi.

Ana cikin haka wata rana Ranau ya harbi gwanki, gwankin bai faɗi ba. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan. Ya bi jininsa kwana uku har gindin wannan dutse, ya ga sawun ya shiga wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, ya bi. Da ya kai sama sai ya tarar da fili shimfiɗe wanda zai ɗauki gari, a tsakiyarsa ga wani kwarmi cike da ruwa mai sanyi. Gwanki ko sama ko ƙasa. Kibiyarsa kawai ya gani a bakin ruwan, an wanke ta fes.

Ya sauko ya kai labari wurin Gwamma, wata tsohuwa maginiyar tukwane wadda mutane ke jin maganarta. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, ba nama ka harba ba, gari aka nuna maka. Ta hanya nawa gwankin ya hau?"

Ya ce, "Ɗaya, Iya."

Ta ce, "To, ƙofa ɗaya za ka yi. Kada ka ƙara."

Gida arba'in suka bi shi suka hau, da nasa arba'in da ɗaya. Shekarar farko ba abin da aka yi sai ganuwa. Ba laka, ba ƙasa, dutse ne bisa dutse, kowane a zaune cikin ɗan'uwansa, har yau in kun hau za ku ga wuƙa ba ta shiga tsakaninsu. Aka auna da igiyar rama, kowane gida gaba goma, in gida ya gaza a yi masa gayya. Ranau da bakinsa ya kafa doka: ƙofa ɗaya ce, a bakin tsagar nan, ana rufe ta da faɗuwar rana, ba a buɗewa sai hantsi ya dubi wani farin dutse da ke yamma, lokacin da mai tsaro zai iya hango filin ƙasa duka. Ya danƙa ƙofar a hannun Cindo, amininsa tun ƙuruciya, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Cindo mai yatsa shida ne, sana'arsa tufkar igiya, ba ya magana biyu in ɗaya ta isa.

To, ku da kuka saba sayen nama a teburin mahauci, bari in gaya muku abin da ba ku sani ba. Maharbi da raɓa yake aiki. Naman da ya yi kiwo da asuba yakan bar sawunsa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko yaro ya gani. Hantsi na ɗagawa raɓa ta bushe, sawu ya ɓace, daji ya rufe bakinsa. Dokar da Ranau ya kafa ta tsare kowa, amma shi ta yanke masa hannu. Ya kuwa san da haka tun ranar da ya faɗe ta.

Shi ya sa da aka zo rabon ganuwa ya zaɓi gefen gabas, inda gangaren ya fi tsayi, ya ce ba ya son gayya, shi kaɗai zai gina rabonsa. Mutane suka riƙe baki suna cewa, kai, shugaba ke nan, ya ɗauki mafi wuya ya kuma hana a taya shi. Ashe wata kafa ya bari a gindin ginin, 'yar ɓoyayyiyar mafita daidai wadda mutum zai bi da rarrafe. Ya sami wani falalen dutse ya rufe ta, ya dasa geza a gabanta. An ce da ya gama ya shafa kan Barsu ya ce, "Ni da kai ne kawai. Ba wanda zai gani."

Shekara uku yana haka. Da jijjifi ya zame ta kafa, ya bi raɓa, ya kashe namansa ya rataye a bishiya, ya komo ta kafa kafin gari ya motsa. Hantsi na yi sai ga shi a bakin ƙofa cikin jama'a yana miƙa kamar yanzu ya tashi. Cindo ya zare sakata, a fita tare, kafin manoma su kai ƙarshen kunya ɗaya Ranau ya dawo da barewa a kafaɗa. Mutane suka ce lalle wannan ba mutum ba ne, nama ke kawo masa kansa. Kirari ya ƙaru, shi kuma yana karɓa.

Abin da ya manta, ba shi kaɗai Allah ya ba karatun sawu ba. Ƙafar mutum da ta kare in sun bi wuri ɗaya shekara uku, ko a kan tsakuwa ne sai hanya ta fito. A kaka ta huɗu mahara suka zo, suka yi kwanaki suna kewaya dutsen suna neman mashiga, har wani mai ido a cikinsu ya ga 'yar siririyar hanya ta hau gabas ta ƙare a gindin geza. Suka laɓe. Da jijjifi suka ga dutse ya motsa, mutum da kare sun fito sun gangara, an bar kafa a buɗe kamar kullum.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga. Suka iske mata sun fito ɗibar ruwan safe, suka kama bakwai, cikinsu har da jikar Gwamma. Suka zagayo ta bayan Cindo yana zaune yana fuskantar ƙyaure, suka sauke masa kulki a ƙeya, suka zare sakata daga ciki, suka gangara da matan inda dawakansu ke jira.

Ranau yana ƙasa ya ji kururuwa. Ya sheƙo a guje, ya kutsa ta kafa. Nan fa, jama'a, nan ne harshena ke yin nauyi duk ranar da na zo wurin. Mata na ihu, gari na kiran sunansa, amma kakana sai da ya tsaya ya jawo falalen dutsen nan ya rufe kafa, ya gyara gezar, sannan ya ruga ƙofa. Ya harbi biyu daga cikin na baya, sauran sun riga sun kai ga dawakai. Da ya tafi kai tsaye, Allah kaɗai ya san ko da an ƙwato wata. Matan nan bakwai ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Da rana ta take aka taru a gindin tsamiyar da ke tsakiyar gari. Maganar ba ta da tsawo. Garin nan ƙofa ɗaya gare shi, an same ta a buɗe, mai tsaronta kuma yana da rai. Aka kawo Cindo, jini ya bushe masa a wuya. Ya ce, "Ban buɗe ba."

Wani da aka tafi da matarsa ya daka masa tsawa, "To ta ina suka shigo? Fiffike gare su?"

Cindo ya ɗaga kai ya dubi Ranau, ya daɗe yana dubansa. Ranau ya dubi ƙasa.

Wasu suka ce a jefa shi ta gangare. Ranau ya ɗaga hannu ya ce a bar shi da ransa, ya kwashi iyalinsa ya sauka, kada ya sake taka dutsen. Mutane suka watse suna yaba tausayin Ranau Sarkin Baka, wai dubi yadda ya ceci abokinsa duk da abin da ya yi. Tir! Ni da nake jininsa, in na tuna wannan yabon sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Cindo ya sauka da matarsa da 'ya'ya uku, ya kafa bukka a gindin wani gawo, a fili, inda ko kura ko mahari ba mai yi masa shamaki. Ya kama haƙa da guntun gatari da hannunsa, wata biyar, har ya cim ma ruwa. Matarsa ba ta ga ƙarshen daminar farko ba, zazzaɓi ya ɗauke ta. Ba wanda ya sauko daga dutse ya yi masa gaisuwa.

A sama kuwa al'amura suka fara juyawa. Barsu ya ƙi cin abinci daga hannun ubangidansa, rana ɗaya ya bi ƙofa ya gangara wurin Cindo, bai komo ba. Kibiyar Ranau ta daina samun nama, ko zomo ne sai ta kauce, har ya rataye kwari ya ce idonsa ne ya yi rauni. Ruwan kwarmi, wanda bai taɓa sanin rani ba, ya fara ja da baya, kowace shekara taƙi guda. In kun hau zan nuna muku zanen a jikin dutsen, layi tara, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wani malami da ya zo da ɗalibai ya yi mini dogon bayani a kan yadda dutse ke tsagewa ruwa ya tsiyaye. Na ce masa Allah ya ƙara ilimi, ni dai abin da aka gaya mini nake faɗa.

Aka yanka baƙin bunsuru, aka yanka sa, ruwa bai ji ba. A shekara ta tara mata da ludayi suke kwalfar abin da ya rage, ana faɗa a kan rabin tulu. Gwamma ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Ta sa aka kai ta zauren Ranau, ta ce kowa ya ba su wuri.

Ta ce, "Ɗan nan, ban san komai ba, ban kuma ga komai ba. Amma na fi shekara sittin ina gina tukunya. Tukunya in tana yoyo, ba a baki ake neman tsaga ba, a gindi ake nema. Mun duba baki, mun kori mai tsaron baki, yoyo bai tsaya ba. Gida arba'in an yi musu gayya, idon kowa ya ga gininsu. Gaba goma ne kawai ba wanda ya gani."



Ta ƙara da cewa, "Jikata ba za ta dawo ba, na haƙura. Amma akwai mai rai a gindin gawo."

Kashegari da hantsi ya busa ƙaho, gari ya taru, ya ce su biyo shi. Ya kai su gabas, ya sa gatari ya sare gezar, wadda ta riga ta zama ƙaton kurmi, ya ture falalen dutsen. Ya durƙusa a gabansu, dattijo da furfura, ya rarrafa ya fita, ya rarrafo ya dawo. Sannan ya ce, "Ta nan suka shigo. Ni na gina ta, don raɓa. Cindo bai buɗe ƙofa ba, na kuma san haka ranar da na kore shi."

Ba wanda ya ɗaga masa hannu, ba wanda ya zage shi. An ce da dukansa suka yi da ya fi masa sauƙi. Mutumin nan da aka tafi da matarsa, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan Cindo, shi ne ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga, don kunyar ba ta Ranau kaɗai ba ce, kowa ya tofa nasa a ranar. Ranau ya cire hularsa da layunsa ya ajiye a kan dutse, ya sake bin kafa, ya gangara ba takalmi.

Ya iske Cindo a bakin rijiya yana tufka igiyar guga. Barsu na kwance gefensa, ya tsufa, ko kai bai ɗaga ba. Ranau ya zube a ƙasa ya fara magana, Cindo ya tare shi.

Ya ce, "Na sani tun shekarar farko. Kullum in na zo zare sakata, Barsu na tsaye bayanka jiƙe da raɓa har wuya. Ina kare zai sami raɓa a kan dutse?"

Ranau ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Cindo ya ce, "Kafin abin ya faru na yi shiru don kai ne. Wannan laifina ne, mai tsaron ƙofa ba shi da aboki, na kuwa ɗauki rabona na matan nan bakwai. Bayan ya faru, maganar ta zama taka. Na dube ka a gindin tsamiya, ka dubi ƙasa. Shekara tara ina sauraron takunka a gangaren nan."

"Ka dawo, Cindo. Ƙofarka na nan, gari na jiranka."

"In bar wa wa kabarin uwar 'ya'yana?" Ya jefa guga ya jawo, ya miƙa masa. "Sha, ka sha rana. Abu ɗaya nake so. Kada ka toshe kafar nan. Bar ta a buɗe, duk wanda ya hau ya gan ta."

Kada ku zaci ruwan kwarmi ya dawo. Bai dawo ba, har yau ƙura ce a ciki da kashin awaki. Gida gida mutane suka riƙa saukowa, kowane maigida ya zo bakin rijiya ya cire hula ya roƙi wurin zama, Cindo bai hana ko ɗaya ba. Suka kewaye sabon mazauni da ganuwar ƙasa, Allah kuma ya sa zamanin mahara ya ja baya. Garin da kuka sauka a tasharsa, shi ne Rijiyar Cindo, rijiyar kuma tana nan bayan masallaci, ba ta taɓa ƙafewa ba.

Ranau shi kaɗai ya ƙi saukowa. Ya zauna a kufai har ya mutu, 'ya'yansa na hau masa da ruwa daga rijiyar mutumin da ya kora. Bai sake bin ƙofa ba, shiga da fita duk da rarrafe. Da ajali ya zo ya bar wasiyya a binne shi a wajen ganuwa, daidai bakin kafa, zuriyarsa kuma kada wanda ya shiga dutsen nan a tsaye, kada kuma baƙo ya sauka bai ji labarin daga bakin ɗayanmu ba.

Haka ake yi har gobe. Mabuɗin ƙofa yana hannun zuriyar Cindo, yanzu Malam Hashimu ne ke riƙe da shi, abokina ne, tare muka yi makarantar allo. Baƙi na zuwa daga nesa da motoci, suna ɗaukar hoton ganuwa da wayoyinsu, suna mamakin yadda aka jera dutse ba siminti. Malam Hashimu ya buɗe musu su shiga da takalmansu da manyan rigunansu. Ni kuwa sai in ce su jira ni a gindin tsamiya, in zagaya gabas, in cire hula, in durƙusa. Akwai 'yan birni da suka taɓa yi mini dariya da suka ga na ɓullo ƙura har gemu, sun zaci wasa ne ake yi wa baƙi. Da na gama labarin ba wanda ya iya haɗa ido da ni, ni ma ban nemi idon kowa ba.

Bana shekarata saba'in da ɗaya, gwiwoyina sun gaji. Ranar Asabar da ta wuce mun hau mu biyu share ciyawa, ba baƙo ko ɗaya, dutsen tsit. Malam Hashimu ya zare kwaɗo, ya ga ina ɗingishi zan nufi gabas, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Haba Malam, yau dai ka bi ta ƙofa mana. Daga ni sai kai, ba wanda zai gani."

Na ce masa, "Abin da kakana ya ce ke nan." Na miƙa masa hulata ya riƙe mini, na tafi na durƙusa.